Darasin Kimiyya a Filin Jahi: Yadda Ake Lissafin Momentom

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Ƙofar Fada cikin birnin Zariya a ranar hawan Sallah, ya riga ya ga abin da za mu yi magana a kansa cikin wannan maƙala, ko da kuwa bai taɓa shiga ajin kimiyya ba. Mahaya sukan jeru sahu-sahu daga nesa, su saki linzami, su zaburo dawaki a sukwane suna dosar inda Sarkin Zazzau yake. Ƙura ta turnuƙe, ƙasa ta riƙa amsawa, har mai kallo ya zaci za su bi ta kan jama'a. Sai kuma a ɗan filin da ya rage su ja linzami, dawaki su turje da ƙafafun baya su tsaya cik, mahaya su ɗaga hannu su yi jinjina. Wannan shi ne jahi.

Mai kallo yakan koma gida da sha'awar ado da jarunta. Ɗalibin kimiyya kuwa ya kamata ya koma da tambayoyi. Me ya sa tsayar da ingarma ya fi tsayar da ɗan ƙuru wuya, alhali gudunsu ɗaya ne? Me ya sa mahayi ba ya jira sai ya zo daf da jama'a sannan ya ja linzami? Nawa ne ƙarfin da ake bukata kafin doki mai sukuwa ya tsaya? Amsoshin waɗannan tambayoyi duka suna rataye ne a kan abu guda, wanda littattafan fiziks suke kira momentom. Za mu ga yadda ake lissafa shi, da kurakuran da ɗalibai suka cika yi a jarrabawa, da kuma dalilin da ya sa sanin sa zai iya tsirar da rai a kan hanya.

Mene Ne Momentom?

A taƙaice, momentom shi ne adadin motsin da ke tattare da abu mai tafiya. Abubuwa biyu ne suke haɗuwa su samar da shi: nauyin abin, da kuma saurin tafiyarsa. Idan muka ce nauyi a nan, muna nufin yawan jikin abu wanda ake aunawa da kilogiram, wanda ba ya canzawa ko an kai abin duniyar wata. Sauri kuwa ana auna shi da yawan mitocin da abu yake ci a sakan ɗaya. Ƙa'idar ita ce:

momentom = nauyi × sauri, ko kuma p = m × v

Ma'aunin momentom shi ne kilogiram-mita a sakan, ana rubuta shi kg m/s. Daga wannan ƙa'ida za mu fahimci cewa abin da yake tsaye ba shi da momentom ko kaɗan, komai girmansa. Dutsen Kufena, duk da nauyinsa, momentom ɗinsa sifiri ne a wurin mai kallonsa daga Wusasa, domin duk abin da aka ninka da sifiri, sifiri yake bayarwa. Ƙwayar tsakuwar da yaro ya harba da danƙo ta fi shi.

Taƙaitaccen Tarihi

Masana sun daɗe suna tambayar abin da yake ci gaba da tura dutse bayan ya bar hannun wanda ya jefa shi. Aristotal, masanin Girka, ya ɗora alhakin a kan iska. Ibn Sina, wanda aka haifa kusa da Bukhara a shekarar 980 ya rasu a 1037, ya bayyana a littafinsa Kitabus Shifa cewa majefi yana sanya wa dutsen wata karkata a jikinsa, wadda ba ta ƙarewa da kanta sai wani abu kamar iska ya tare ta. A ƙarni na 14 Jean Buridan na Jami'ar Faris ya ƙara da cewa wannan abu yana ƙaruwa gwargwadon yawan jikin dutsen da saurinsa. A 1644 René Descartes ya ce jimillar motsin da ke duniya ba ta raguwa ba ta ƙaruwa, amma bai kula da inda abu ya dosa ba, saboda haka yawancin ƙa'idojinsa na karo suka fita ba daidai ba. Tsakanin 1668 da 1669 John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens suka gyara wannan kuskure, sannan a 1687 Isaac Newton ya tattara al'amarin cikin dokokinsa uku na motsi, waɗanda su ne ake karantarwa a makarantunmu har yau.

Mu Koma Filin Jahi

Mu ƙaddara cewa doki da mahayinsa da sirdi da sauran kayan ado sun kai kilogiram 400, kuma yana sukuwar kilomita 36 a awa. Waɗannan alƙaluma na misali ne, mun zaɓe su domin sauƙin lissafi.

Mataki na farko shi ne mayar da saurin zuwa mita a sakan. Kilomita ɗaya mita 1,000 ce, awa ɗaya kuma sakan 3,600 ce, don haka sai a raba da 3.6:

36 ÷ 3.6 = mita 10 a sakan

Mataki na biyu shi ne ninkawa:

p = 400 × 10 = 4,000 kg m/s

Ɗalibin da ya manta da mataki na farko zai ninka 400 da 36 ya sami 14,400, ya rasa makinsa a banza. Wannan shi ne kuskure na farko da ya kamata malami ya riƙa jan kunnen ɗalibai a kansa. Haka kuma idan an ba da nauyi da giram, dole a raba shi da 1,000 ya koma kilogiram kafin a soma aiki.

Yanzu mu fito daga fada mu bi titin da ya nufi Ƙofar Doka, mu kwatanta abubuwa uku. Ga yaro a kan keke, shi da keken kilogiram 70, yana tafiyar mita 5 a sakan. Momentom ɗinsa 350. Ga babur da mutum biyu, jimilla kilogiram 200, yana gudun kilomita 54 a awa, wato mita 15 a sakan. Nasa 3,000, ya kusa na ingarman jahi. Ga kuma tifa ɗauke da yashi, kilogiram 20,000, tana rarrafe da saurin yaron nan mai keke, wato mita 5 a sakan. Nata 100,000, daidai da na dawakin jahi 25 a haɗe. Kafin ƙaramar mota mai kilogiram 1,000 ta tara irin wannan momentom, sai ta yi gudun mita 100 a sakan, wato kilomita 360 a awa. Ido yana ganin sauri, amma ba ya ganin nauyi, shi ya sa mai tsallaka titi yakan raina babbar mota don ya ga tana tafiya a hankali.

Inda Aka Dosa

Momentom yana da alƙibla. Bai isa a faɗi yawansa kawai ba, sai an faɗi inda ya nufa. A lissafi akan zaɓi gefe ɗaya a ba shi alamar tarawa, kishiyarsa kuma a ba shi alamar ɗebewa. Idan dawaki biyu masu nauyi ɗaya da gudu ɗaya suka fuskanci juna, ɗaya yana da +4,000, ɗayan yana da −4,000, jimillarsu sifiri ke nan.

A nan ne kuskure na biyu yake faruwa. Ɗauki ƙwallo mai kilogiram 0.4 da yaro ya buga wa bango da saurin mita 10 a sakan, ta dawo da saurin mita 8 a sakan. Nawa ne canjin momentom ɗinta? Mai gaggawa zai ɗebe 8 daga 10 ya sami 2, ya ninka da 0.4 ya ce 0.8. Ga yadda ya kamata:

kafin karo: 0.4 × (+10) = +4.0
bayan karo: 0.4 × (−8) = −3.2
canji: −3.2 − 4.0 = −7.2 kg m/s

Dalili shi ne bango ya yi aiki biyu. Ya tsayar da ƙwallon tukuna, sannan ya mayar da ita baya. Alamar ɗebewa da ke jikin amsar tana nuna cewa turawar bangon ta saɓa wa alƙiblar da ƙwallon ta zo da ita.

Ƙarfi da Lokaci

Momentom ba ya canzawa sai an sa ƙarfi, kuma ƙarfin yana bukatar lokaci. Wannan ita ce dokar Newton ta biyu:

ƙarfi × lokaci = canjin momentom, ko kuma F × t = mv − mu

A nan u shi ne saurin farko, v kuma saurin ƙarshe. Ana auna ƙarfi da niyuton. Domin mai karatu ya ji abin a jikinsa, kilogiram ɗaya da aka ɗora a tafin hannu yana danna shi da kimanin niyuton 10, saboda haka buhun siminti mai kilogiram 50 ya tashi kimanin niyuton 500.

Mahayinmu yana da momentom 4,000 da zai kawar. Idan ya tsayar da dokin cikin sakan 2, matsakaicin ƙarfin da ake bukata shi ne 4,000 ÷ 2 = niyuton 2,000, nauyin buhun siminti huɗu. Idan saurin ya riƙa raguwa daidai wa daida, dokin zai ci mita 10 kafin ya tsaya. Idan ya ɗauki sakan 4, ƙarfin ya ragu zuwa niyuton 1,000, amma filin da zai ci ya koma mita 20. Idan kuwa, Allah ya kiyaye, dokin ya yi karo da katanga ya tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, ƙarfin zai kai niyuton 40,000, kwatankwacin nauyin tan huɗu. Momentom ɗin bai canza ba a duk misalan uku. Lokacin tsayawa ne kaɗai ya bambanta, kuma shi ne ya raba jinjina da makoki.

Wani abin lura shi ne, hannun mahayi ba shi ne yake samar da wannan niyuton 2,000 ba. Mahayi yana kan dokin, tare suke tafiya, don haka ba zai iya tsayar da shi da ƙarfin damtsensa ba, kamar yadda mutum ba zai iya ɗaga kansa sama ta hanyar jan kunnensa ba. Linzami saƙo yake kai wa doki. Dokin ne yake kafa kofatai ya tura ƙasa gaba, ƙasa kuma ta tura shi baya da ƙarfi daidai da wancan. Idan aka yi ruwa fili ya yi santsi, ƙasa ba za ta iya ba da wannan turawa ba, komai jan da mahayi zai yi.

Kakanninmu sun san amfanin tsawaita lokacin karo tun kafin a rubuta shi da haruffa. Dubi 'yan lifida da suke cikin jerin gwanon Sarki, su da dawakinsu sanye da lifidi mai kauri da aka cusa wa auduga. A zamanin yaƙi, idan kibiya ko sara ya sauka a kan lifidi, audugar takan lotsa a hankali, lokacin tsayar da makamin ya ƙaru, ƙarfin da zai isa jiki ya ragu. Dubi magina masu jefa wa juna tubali, yadda mai cafewa yake bin tubalin da hannu zuwa ƙasa kafin ya riƙe shi. Dubi mai kawo ƙwan zabi kasuwa, yadda take jera su cikin ƙaiƙayi. Ƙa'idar duka ɗaya ce.

Momentom Ba Ya Ɓacewa

Idan abubuwa biyu suka yi karo, kuma babu wani ƙarfi daga waje da ya shiga tsakani, jimillar momentom ɗinsu kafin karo daidai take da jimillarsa bayan karo. Abin da ɗaya ya rasa, ɗayan ne ya samu. Dalilin haka yana cikin dokar Newton ta uku: kowannensu yana tura ɗan'uwansa da ƙarfi iri ɗaya, ta fuskoki masu saɓani, cikin lokaci ɗaya.

Titin jirgin ƙasa ya ratsa Zariya ya isa Kano a 1911, kuma duk wanda ya taɓa kallon yadda ake haɗa taragu a tashar jirgi ta Sabon Gari ya ga wannan doka tana aiki. Mu ƙaddara tarago mai kilogiram 30,000 ya gangaro da saurin mita 2 a sakan, ya sarƙe da wani mai kilogiram 20,000 da ke tsaye.

kafin karo: (30,000 × 2) + (20,000 × 0) = 60,000
bayan karo: (30,000 + 20,000) × v = 60,000
v = 60,000 ÷ 50,000 = mita 1.2 a sakan

Dokar tana aiki ko da abubuwan rabuwa suka yi. Bindigar maharbi mai kilogiram 4 ta fitar da harsashi mai giram 20, wato kilogiram 0.02, da saurin mita 300 a sakan. Kafin harbi jimilla sifiri ce. Harsashi ya tafi gaba da 0.02 × 300 = 6, don haka dole bindiga ta koma baya da 6, saurinta ya zama 6 ÷ 4 = mita 1.5 a sakan. Wannan shi ne naushin da maharbi yake ji a kafaɗa, kuma hayaƙin albarushi da ke fita ta baki yana ƙara masa. Da irin wannan hikima ce roka take tashi: tana watsa iskar gas mai zafi zuwa ƙasa, ita kuma ta yi sama. Haka aka harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya, NigeriaSat-1, daga Plesetsk a ƙasar Rasha cikin watan Satumba na 2003.

A ranar 26 ga Satumba, 2022, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka, NASA, ta jarraba wannan doka a kan wani curin dutse mai suna Dimorphos da ke shawagi a sararin samaniya. Ta gwabza masa wani kumbo mai suna DART, mai nauyin kusan kilogiram 600, da saurin kimanin mita 6,000 a sakan. Idan muka ninka za mu sami kimanin miliyan 3.6, wato daidai da dawakin jahi 900 irin na misalinmu. A da Dimorphos yakan kewaya babban ɗan'uwansa Didymos cikin awa 11 da minti 55. Bayan karon sai lokacin ya ragu da fiye da rabin awa, domin ban da momentom ɗin kumbon, tarkacen da ya fallatsa daga jikin dutsen shi ma ya ƙara tura shi, tamkar naushin bindiga. Manufar gwajin ita ce a ga ko za a iya kautar da irin wannan dutse idan wata rana ya doso duniya. Lissafin da suka soma da shi, shi ne wanda ɗalibin Alhudahuda ko na Barewa yake yi a littafinsa na aji.

Darasi Ga Masu Bin Hanya

An gina tsohon birnin Zariya ne domin mai tafiya a ƙasa da jaki da doki. Lungunansa ƙunci gare su, suna da kwana da yawa, zauruka suna buɗewa kai tsaye a kan hanya, yara kuma suna fitowa a guje ba sallama. A yau babura da motoci ne suke bin waɗannan lunguna. Direban da ya ninka gudunsa ya ninka momentom ɗinsa, saboda haka birki ɗaya zai bukaci ninkin lokaci kafin ya tsayar da shi. Tun da yake a cikin wannan dogon lokaci yana tafiya da ninkin sauri, filin da zai ci kafin ya tsaya ya ninku sau huɗu. Babur ɗin da zai tsaya cikin mita 4 idan yana kilomita 20 a awa, sai ya ci mita 16 idan yana 40, ban da tazarar da zai ci kafin ƙafarsa ta kai ga birki. Mahayin jahi ya san filinsa, an kuma share masa hanya. Mai babur a lungu ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun.

Ga kuma wani lissafi da ya kamata kowane ɗalibi ya kai wa iyayensa gida. Mota tana gudun kilomita 72 a awa a kan hanyar Kano, wato mita 20 a sakan. Uwa tana zaune a gaba, ta rungume ɗanta mai kilogiram 10 a cinya. Momentom ɗin yaron 10 × 20 = 200. Idan motar ta yi karo ta tsaya cikin kashi ɗaya bisa goma na sakan, ƙarfin da uwar take bukata don ta riƙe shi shi ne 200 ÷ 0.1 = niyuton 2,000. Mai karatu zai tuna da wannan adadi: shi ne ƙarfin da ya tsayar da ingarman jahi, nauyin buhun siminti huɗu. Babu uwar da hannunta zai iya wannan, duk yadda take son ɗanta. Wurin yaro shi ne kujerar baya, a ɗaure yadda ya dace da shekarunsa.

Bel ɗin mota, wanda injiniya Nils Bohlin na kamfanin Volvo ya fito da samfurinsa mai maɗauri uku a 1959, yana ɗaure fasinja da jikin motar domin ya tsaya tare da ita yayin da gabanta yake lotsewa, maimakon ya ci gaba da tafiya har ya daki gilashi. Hular kwano ta mai babur tana da soso mai tauri a ciki wanda yake murƙushewa a hankali idan kai ya bugi kwalta. Idan aka duba da kyau, duka biyun lifidi ne na wannan zamani. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana matsa wa jama'a lamba a kansu, amma wanda ya iya wannan lissafi ba ya jiran sai ya hango jami'i kafin ya ɗaura. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Ga Malamai

Ba a bukatar ɗakin gwaji mai tsada kafin a nuna wa ɗalibai waɗannan abubuwa. A nemo ƙwallayen boris masu girma ɗaya daga wurin mai gyaran keke ko babur, a jera huɗu suna taɓa juna cikin kwarin rula. Idan aka gangaro ɗaya ta buge su, ɗaya ce za ta fita ta can gefen. Idan aka gangaro biyu, biyu za su fita. A bar ɗalibai su yi hasashe kafin kowane gwaji. Bayan haka a sa ɗalibai biyu su riƙe zane a sake, gindinsa a naɗe kamar aljihu, wani ya jefa ɗanyen ƙwai a tsakiyarsa. Ƙwan ba zai fashe ba, domin zanen yana binsa baya yana tsawaita lokacin tsayawarsa. Gani ya kori ji.

Gwada Kanka

1. Jaki da kayansa sun kai kilogiram 180, yana tafiyar mita 1.5 a sakan daga Ƙofar Gayan zuwa kasuwa. Nawa ne momentom ɗinsa?

2. Babur da direbansa kilogiram 150 ne, yana gudun kilomita 72 a awa. Nemo momentom ɗinsa, da ƙarfin da zai tsayar da shi cikin sakan 5.

3. Yaro mai kilogiram 40 ya sheƙo da saurin mita 3 a sakan ya faɗa kan kura mai kilogiram 20 da ke tsaye. Da wane sauri za su tafi tare?

Amsoshi: (1) 270 kg m/s. (2) 3,000 kg m/s, da niyuton 600. (3) Mita 2 a sakan.

Kammalawa

Kafin ka rubuta amsa a jarrabawa, ka tabbatar nauyi yana kilogiram, sauri yana mita a sakan, ka zaɓi alƙibla ka ba kowane sauri alamarsa, sannan ka rubuta ma'auni a jikin amsarka. Idan kuma Allah ya kai mu wata Sallah ka sami wuri a Ƙofar Fada, ka zaɓi doki ɗaya, ka ƙirga sakan nawa ya ɗauka daga jan linzami zuwa tsayawa, ka kimanta nauyinsa da gudunsa, ka dawo aji da naka lissafin ka nuna wa malaminka.